Ba Shi Da Baki

Hawwa ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Bobbo ne sunansa, kuma duk rugarsu da ke bayan Kwandere haka ake kiransa, har yaran da ba su daina yawo tsirara ba. Ita kuwa in ta matsu sai ta ce "wancan", ranar da take cikin raha ta ce "yayan Zuwaira". Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba. Adda yake ce mata, sai ka ce wata yayarsa ce da aka aurar nesa ta zo ganin gida. Haka ta tarar ana yi. Uwarta ma haka ta yi da nata ɗan farin har ta koma ga Allah, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Fulako ke nan: uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san ya ci ko bai ci ba. Wadda ta fi iya shanye abin a ciki ita ake kira cikakkiyar mace.

To, Hawwa ta iya. Ta iya tun Bobbo yana ƙaramin yaro, ranar da suke ƙaura daga wajen Awe aka ɗora shi a kan takarkari tsakanin ƙore da tabarmi. Takarkarin ya yi tuntuɓe, yaro ya sulluɓo ya sauka da haɓa a kan dutse. Tana baya da kaya a ka, ta gani da idonta, amma ƙafarta ba ta ƙara sauri ba, don surukarta tana nan, maza ma suna nan. Surukar tata, kakarsa Juwairiya, ita ce ta ɗauke shi ta shafa masa man shanu. Ciwon ya warke a waje. A ciki kuwa muƙamuƙin ya yi ta ɗinkewa a hankali, har ya zamana bakin ba ya buɗuwa sai iya abin da cokali zai shiga a kwance. Haɓar ma ta ƙi girma, ta tsaya 'yar mitsitsiya ta noƙe ciki.

Da ya zama saurayi sai Allah ya rufa masa asiri da gemu. Ya tara shi ya cika, ya kuma saba naɗa rawani ya zagayo ta ƙarƙashin haɓa, duk wanda ya gan shi sai ya ce ga kyakkyawan Bafulatani. Magana yana yinta ta tsakanin haƙora, kaɗan-kaɗan, mutane suka ce ai shi miskili ne. A hankali 'yan rugar suka manta akwai wani abu. In ma wani ya tuna, cewa zai yi halittarsa ce. Mutum ɗaya ce ba ta manta ba, ita ce wadda tun rasuwar kakar take tace masa fura har sai ba gudaji ko ɗaya, take daka masa nama a turmi ya koma gari, sannan ta miƙa wa ƙanwarsa kwano ba tare da ta ɗaga ido ba, ta ce, "Kai wa wancan, ragowa ce." Ragowa! Wallahi kafin kowa ya ɗanɗana take ɗebe nasa.

Abin ya faru ne da hantsi, ƙarshen damina, a shekarar da wayar salula ta shigo Lafiya har ake layi a ƙarƙashin lema don a buga. A ruga kam ba mai ita. Bappa Safiyullahi, yayan marigayi mijin Hawwa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya sayo wani sabon bijimi mai baƙin hali. Bobbo ya je ɗaure shi, bijimin ya sunkuyo ya ɗauke shi da ƙaho ta ciki, ya wurga shi, ya faɗo da fuska a kan turke. Hawwa tana gyara ƙwaryar nonon da za ta kai Shabu ta ji ihun mata. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, sannan ta taka ta je ta tsaya a bayan mutane.

Ba jini sosai a waje, shi ya fi ba ta tsoro. Fuskar ta kumbura nan da nan, idonsa a lumshe, yana nishi. Aka ruga aka kirawo Orshi, wani Batibi da gonar doyarsa ke maƙwabtaka da makiyayarsu, mai a-kori-kura. Sun sha cacar baki da Bappa a kan shanu da kunyar doya, amma ranar ko tambaya bai tsaya yi ba, ya sauke doyar da ya fara lodawa ya ce a sa shi. Zuwaira tana jego, ba ta fita. Dole dai a sami macen da za ta riƙe buta da tabarma ta yi jinya, sai Bappa ya ce, yana kallon wani wuri daban, "Uwar Zuwaira, shigo mu je." Ta shiga bayan motar ta zauna can ƙarshe, wajen ƙafafunsa, ta juya fuska tana kallon gonaki.

Ba su yi nisa ba numfashin Bobbo ya koma minshari mai gurgura. Orshi ya ji ta taga, ya taka birki ya fito.

"Baba, kada ka bar shi rigingine. Juya shi gefe, in ba haka ba jini zai shaƙe shi. Na sha ɗaukan mutane a hanyan Makurɗi, na sani."

Suka juya shi. Orshi ya naɗe yatsa da gefen riga zai share masa cikin baki, yatsa ya ƙi shiga.

"Kai, ya cije haƙori sosai."

"Zafi ne," in ji Bappa.

Hawwa ta ji su sarai. Ta ci gaba da kallon gonaki.

A asibitin da suka kai shi cikin garin Lafiya, aka tura shi ɗakin gaggawa a kan gado mai taya. Kafin ka ce kwabo wasu dattawan Fulani biyu da suka ji labari a kasuwar shanu sun iso, suka tsaya tare da Bappa suna ta salati. Likitan wani matashi ne mai saurin hannu. Ya danna cikin Bobbo, ya soka allura ya zuƙo, sai ga jini baƙi ƙirin. Ya ce wani abu ya fashe a ciki, jini yana zuba, in ba a buɗe yanzu ba to a shirya likkafani. Ya aika a kira mai sa barci.

Ta zo da sauri tana ɗaura hular tiyata, wata gajeriyar mace kakkaura, Sista Ngunan. Ko kallon cikin da kowa ke kallo ba ta yi ba. Kai tsaye ta wuce wajen kansa ta warware rawanin, ta jera yatsu uku za ta gwada tsakanin haƙoransa. Ina! Ko ɗaya bai shiga ba. Ta cusa hannu cikin gemun tana laluben inda haɓa ta ƙare, tana auna tazarar da ke tsakaninta da zakaran wuya, amma kumburi ya cike wurin, gemu da busasshen jini sun dunƙule, ba ka gane ƙashi daga tsoka. Ta ɗaga kansa ta kwantar, ta sake lalubawa, ta tsuke baki.

Kada wani ya ce ganganci ta yi, matar nan ta san aikinta. A rana irin wannan mai sa barci hanya biyu gare shi. Ta farko, a yi wa mutum allurar da za ta sa duk jikinsa ya saki har numfashi ya tsaya cak, nan take a buɗe baki a zura bututun roba cikin maƙogwaro a riƙa hura masa iska. Ita ta fi tsare huhu, musamman ga mai cikakken ciki, don ko ya yi amai ba zai shaƙe ba. Amma fa sai in bakin zai buɗu. In ba zai buɗu ba, ka karɓe wa mutum numfashinsa alhali ba ka da ƙofar mayar masa. Irin wannan sai a bi hanya ta biyu, a ba shi maganin da zai gusar da hankalinsa ya bar shi yana numfashi da kansa, a yi aikin a haka cikin ɗari-ɗari. Bakin da zafi ya kulle, allura tana shiga yake sakewa. Bakin da ƙashi ya kulle kuwa, ko an yi masa allurar duniya yana nan yadda yake. Daga waje kuma duk kamarsu ɗaya.

Ngunan ta ɗago ta dubi mutanen. Hausarta irin ta kasuwar Lafiya ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Idonta ya sauka a kan Hawwa da ke raɓe jikin bango da buta a hannu.

"Mama, kai ne mamansa?"

Dattawan biyu suka sunkuyar da kai. Hawwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A gaban yayan mijinta, a gaban baƙin maza, wata ta tsare ta da ido tana tambayar ko ita ta haifi wancan. Ta ji kamar an kwance mata zane a tsakiyar kasuwa.

"'Yar gidanmu ce," in ji Bappa da sauri, don ya fid da ita. "Ni ne ubansa. Tambaye ni."

"To Baba, ya ci abinci yau?"

Bappa bai sani ba. Ya waiga kaɗan.

"An sha fura," Hawwa ta ce da bango.

"Da yawa?"

"Ƙwarya guda."

Ngunan ta girgiza kai ta yi wa likita magana da Turanci, shi kuma ya nuna mata agogon hannunsa. Ta sake juyowa.

"Baba, ka ji da kyau. Bakin nan nasa, kafin yau yana lafiya? Yana buɗewa, yana cin abinci kamar kowa? Bai taɓa ciwo a nan ba?" Ta taɓa gefen kunnenta.

"Lafiyarsa lau," in ji Bappa. "Yaron nan tun da aka haife shi ko allura ba a taɓa yi masa ba. Turke ne ya buge shi yanzu, a gabana."

Ba ƙarya ya yi da gangan ba. Bappa bai taɓa zama ya ga yadda Bobbo yake cin abinci ba, don yaron kullum gefe yake komawa da kwanonsa. Ko da ya tuna ma, shi mutum ne da ba ya kai aibin gida gaban baƙo. Dattawan suka gyaɗa kai, su da ba su taɓa kwana a rugar ba.

Hawwa ta ji abin da Bappa ya faɗa. Ba ta gane dalilin tambayar ba, don rabin abin da Ngunan ke faɗa wa likita Turanci ne, amma ta san amsar da aka bayar ba daidai ba ce. To ta yaya za ta faɗa? Babba ya riga ya yi magana, sai ta ƙaryata shi a gaban mutane? Sai ta buɗe baki ta siffanta bakin ɗanta na fari, kowa ya gane shekara da shekaru tana lura da shi, ta san faɗin cokalin da ke shiga? Ga kuma Hausar tata, ta tallan nono ce. Ta san "albarka", ta san "ƙara kaɗan", ta san zagin yaran da ke taɓa mata ƙwarya. Kalmar muƙamuƙi ba ta taɓa ratsa kunnenta ba. Da Fulatanci abin yana nan a kan harshenta, sai ta ɗauko shi ta juya da 'yan kalmomin da take da su. Ta tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ta, ta ce da ƙasa-ƙasan murya:

"Wancan... ba shi da baki."

Bappa ya yi gyaran murya. Ngunan ta ɗan yi murmushin gajiya.

"E, Mama, na sani. Ku Fulani duk haka kuke, ba ku da baki. Ko kai ma ga shi tun ɗazu ba ka magana."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Gaskiya ne, yaro ne mai kunya, ba ya jayayya da kowa."

Shi ke nan. Ta faɗa, an ji, an wuce. Ngunan ta sake cusa hannu cikin gemun, ta daɗe kaɗan kamar hannun yana gaya mata wani abu, likita ya ɗaga murya, ta cire hannun ta ce a tura shi. Da gadon ya zo wucewa ta gaban Hawwa, Bobbo ya motsa leɓe. Ba ta tabbata ba ko "Adda" ya ce ko nishi ne kawai. Ta matsa gefe ta ba gadon hanya.

Maza suka fita neman inuwa da ruwan alwala. Ita ta zauna a ƙarshen wani dogon benci a barandar da ke kallon ƙofar ɗakin tiyata, butar tana kan cinyarta. Janareto yana ta ruri a bayan gini. Orshi bai tafi ba, ya je ya gyara wa motarsa tsayuwa ya dawo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin yana fifita da hula. Mutum ne da shiru ke damunsa, sai ya fara ba ta baki.

"Mama, kada ka damu. Sistan nan ta iya aiki, ita ta sa wa matana barci lokacin da aka cire mata yaro. Ni har leƙawa na yi. Ka san yadda suke yi? Za su ba shi allura, numfashi ya mutu gaba ɗaya, kamar gawa. Sai su buɗe baki haka," ya wage nasa bakin har ana ganin dasashi, "su sa wani ƙarfe, su tura roba har ciki, su riƙa ba shi iska. Shi ya sa take ta tambayan baki, baki. In baki ya buɗe, an gama, sauran aikin likita ne."

Hawwa ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa namiji baƙo ba.

"In bai buɗe ba fa?"

"Zai buɗe mana. Allura yana shiga zai saki."

"In ba ya buɗewa tun da?"

Orshi ya daina fifita.

Butar ta faɗi ta gangara, ruwa ya malale a siminti. Hawwa ba ta san sanda ta miƙe ba. Matar da ko ranar da aka binne mijinta ba a ji sautin kukanta ba, ita ce ta kwasa da gudu a barandar asibiti, mayafi ya zame, ɗankwali ya bi shi, ta banki ƙofar da aka hana kowa shiga da kafaɗa. Wani ma'aikaci ya riƙo hannunta, ta fizge.

Ga shi nan kwance a ƙarƙashin fitila, ba riga, ba rawani. Ƙirjinsa ba ya motsi. Sirinji yana gefe, babu komai a ciki. Ngunan tana tsaye a kansa da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai 'yar fitila a baki, tana neman inda za ta sa shi tsakanin haƙora, ɗaya hannun yana jan haɓar da dukan ƙarfinta, gumi yana ɗiga daga goshinta.

"Ɗana ne!" Muryar da ta fito Hawwa ba ta san tana da ita ba. "Ɗana ne, ni na haife shi! Baki ba ya buɗewa! Tun yana yaro, ya faɗi, ƙashi ya kama! Cokali kawai, cokali!" Tana faɗa tana dukan nata muƙamuƙin da hannu biyu, Hausa ta ƙare mata ta ci gaba da Fulatanci.

Ngunan ta ɗago. Hawwa ba za ta manta da idanun nan ba har ta mutu. Matar ta jefar da ƙarfen, ta fizgo wata roba ta kifa masa a hanci da baki tana matsa jakar iska, amma iskar sai ta riƙa tsiyayewa ta cikin gemu, don babu haɓar da robar za ta kama. Ta yi ihu a kawo wuƙa. Likita ya zagayo ya laluba wuyan da ya kumbura yana neman inda zai tsaga ya buɗe wa iska hanya, ya tsaga, jini ya rufe wurin. Leɓɓan Bobbo sun riga sun koma kalar toka. Mutumin da jininsa ya gama tsiyayewa a ciki ba shi da abin jira. Ma'aikata biyu suka ɗauke Hawwa cak suka fitar da ita tana kiran Bobbo, Bobbo, Bobbo, har Bappa da dattawan da suka sheƙo daga wajen alwala suka tsaya turus a baranda.

Ba a daɗe ba ɗakin ya yi tsit.

Ngunan ce ta fito. Ta cire hular, gaban rigarta duk jini. Ba ta nufi maza ba, ta zo ta tsaya a kan Hawwa da ke zaune a ƙasa cikin ruwan butar, kai ba ɗankwali.

"Kai ne mamansa."

"Ni ce."

"Na tambaye ka." Haushi da kuka sun haɗu a muryarta. "A gaban kowa na tambaye ka! Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa miki."

"Ka ce ba shi da baki! Kowa a garin nan in ya ce mutum ba shi da baki, mai shiru yake nufi! Da ka nuna mini da hannu kawai, yadda ka yi yanzu. Hannu kawai, Mama! Da ban ba shi alluran nan ba. Da na bar shi da numfashinsa."

"Da ya rayu?"

Ngunan ta dube ta. Ba ta iya yi mata ƙarya ta kowane gefe ba.

"Ban sani ba. Jini ya zuba da yawa. Amma da ya samu hanya." Ta share fuska da bayan hannu. "Ni ma hannuna ya gaya mini, na taɓa na ji haɓan nan bai kai ba. Na ce kumburi ne. Na ji maganan mutane na bar maganan hannuna."

Ta juya ta koma ciki. Hawwa ta bi ta da kallo. Ta so matar ta tsaya ta ci gaba da yi mata faɗa, ta zage ta ma in ta ga dama, don duk duniya ita kaɗai ce ta yi mata magana a matsayin uwar Bobbo. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Hausawa sun faɗa, ta sha ji a bakin masu sayen nono tana dariya. Ta tsani fulako, ta tsani Bappa, ta tsani surukarta da ke kabari da uwarta da ta koya mata, amma duk ba su kai yadda ta tsani matar da ta tsaya jikin bango da buta tana auna kalmomi ba.

Bayan la'asar aka ba su gawar. Orshi ya shimfiɗa ganyen doyar da ya rage a bayan mota, aka kwantar da shi aka lulluɓe da zane. Wani ya tsinto mata ɗankwalinta da mayafi, ta ɗaura. Wannan karon wajen kansa ta zauna, ba wanda ya ce mata komai. Har suka fita gari suka kama hanyar Kwandere tafin hannunta yana kan zanen, daidai inda gemun yake.

Da suka kusa, inda ake barin titi a shiga burtali, Bappa ya ce wa Orshi ya tsaya. Ya sauko daga gaba ya zagayo baya. Idonsa ya yi ja, shi ma ya yi kukansa a ɓoye, don yana son yaron. Ya tsaya ya ba ta gefe, yana kallon rugar da hayaƙinta ke tashi can nesa, ya yi magana a hankali, da murya mai taushi irin wadda bai taɓa yi mata ba.

"Uwar Zuwaira, sai haƙuri. Kwanansa ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko numfashi ɗaya."

Ta ci gaba da dafe zanen.

"Abin da ya faru a can kuma..." Ya ɗan tsaya yana neman yadda zai sassauta. "Gudun nan da kika yi, kai a buɗe, kina kiran sunansa a gaban maza, kina cewa ke kika haife shi. Na san ba halinki ba ne. Zafin rai ne, Shaiɗan kuma ba ya barin mutum a irin wannan lokaci. Na roƙi dattawan nan, sun yi mini alkawari. Na roƙi Orshi ma. Ba wanda zai ji a ruga. Shekara da shekaru kina riƙe da mutuncinki, ba za mu bari rana ɗaya ta ɓata shi ba."

Ya jira. Alheri ya yi mata, kuma alheri ana amsa shi.

Hawwa ta janye hannunta daga kan zanen. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Allah ya saka da alheri, Bappa."

Motar ta shiga burtali tana tangaɗi. Tun daga nesa mata suka gane, suka fito da kururuwa, Zuwaira a gaba da jariri a hannu, suka kewaye motar suna faɗuwa a kan gawar suna kiran sunansa. Hawwa ta sauka ta ɗaya gefen, ta ratsa ta bayansu ta shiga bukka, ta ɗauko tabarmi ta fara shimfiɗa wa masu zuwa gaisuwa.